Layin Malam Maikano

Shekara ashirin da shida Malam Maikano ya yi yana koyar da darasin zama ɗan ƙasa nagari a wata sakandare a Birnin Kudu. Da ya yi ritaya sai ya koma garinsu Kwandiko, ya kama noman gero da riɗi. Mutanen mazaɓar ne suka matsa masa ya nemi kansila, tun da shi ne kullum ke gaya musu cewa tsarin mulki ya ware wa ƙaramar hukuma nata aikin, kuma kansila ɗan aikensu ne, ba ubangidansu ba.

Ranar zaɓen fid da gwani jam'iyya ta ce ƙato-bayan-ƙato za a yi, kowa ya tsaya bayan wanda yake so. Kafin hantsi layin Malam ya zagaye filin har gindin ɗorawa. Na abokin takararsa, Alhaji Ɗan'auta dillalin taki, ko rabi bai kai ba.

Da jami'in da aka turo daga Gwaram ya sauko daga mota, nan take Malam ya gane shi. Ɗan'azumi ne, tsohon ɗalibinsa, wanda ya taɓa haddace babin 'yancin ɗan'adam kaf. Ya durƙusa ya gaishe shi. Hankalin Malam ya kwanta.

Ɗan'azumi yana tsaka da ƙirga mutane wayarsa ta yi ƙara. Ya shige mota ya ɗaga gilashi. Mata masu goyo suka yi ta fifita da bakin mayafi. Sai bayan azahar ya fito, ya karɓi lasifika ya ce dattawan jam'iyya sun yi maslaha, Alhaji ne ɗan takara.

Wuri ya kaure da ihu. Malam ya ɗaga hannu ya hana jifa, ya tako har bakin motar.

"Ɗan'azumi, mutum nawa ka ƙirga a bayana?"

"Malam, umarni ne daga sama."

"Ba shi na tambaye ka ba."

"A ɗari huɗu da sha ɗaya na tsaya," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Ka yi haƙuri, Malam, ina da iyali. Abin da ka koya mana, na cin jarrabawa ne."

Malam ya bar bakin motar. Yana juyawa Inna A'i mai daddawa ta tare shi, ƙafafunta sun kumbura don tsayuwa.

"Kai ka ce tsayuwarmu ita ce ƙuri'a. Gaba kada ka aiko a kira ni."

Washegari ya rubuta ƙorafi shafi uku, ya kawo sashe-sashen dokar jam'iyya da aka taka. Sau biyu yana zuwa Gwaram yana tarar da ofishin jam'iyya a kulle. A zuwa na uku sakatare ya karɓa, ya duba sama-sama, ya ce kwamitin sauraron ƙorafi zai zauna ranar Laraba.

"Su wa ke cikin kwamitin?" in ji Malam.

"Dattawan da suka yi maslahar mana."

Malam ya miƙa hannu ya karɓe takardarsa, ya linke ta huɗu ya sa a aljihu. Ya fita bakin titi ya tsaya jiran mai babur.