Katakon Doña Chayo

Mista Pruitt, shugaban makaranta, ya tare Malama Ofelia Barragán tun kafin ta ajiye jaka.

"Wai 'yan Meziko a da ba a barin su shiga wurin ninkayar garin nan sai Litinin, ranar zubar da ruwan? Tatsuniya ce. Ki kawo shaida gobe, ko in soke wannan darasin naki na tarihi."

Ofelia ta dube shi sama da ƙasa. Baƙon bara, shi zai koya mata tarihin unguwarsu.

Washegari Pruitt na tsaye a aji yana murmushi, Ofelia ta shigo da kakarta, Doña Chayo, rungume da katakon da take murza ƙullun gurasar tortiya a kai shekara hamsin. Tsohuwar ta kifa shi a tebur. Ga rubutu ɓaro-ɓaro: 'YAN MEZIKO, LITININ KAWAI.

"A bola na tsince shi ranar da suka cire shi daga ƙofar wurin ninkayar," in ji ta. "Karanta wa yara, ɗana, kai ne mai ilimi."

Pruitt ya karanta ƙasa-ƙasa.

"Ɗaga murya," in ji tsohuwar. "Mu da ƙarfi aka faɗa mana."