Kujerar Gaba

Tun muna makaranta ake kirana Doguwa, don haka duk motar da na shiga sai na tura kujera baya kafin gwiwoyina su sami wuri. Motar Injiniya ce kaɗai ta hutar da ni, domin tun da ya fara nemana kujerar gaba take zaune inda na bar ta. Sai wata rana da ya zo ɗaukata daga asibitin da nake aikin gwajin jini, ina shiga gwiwata ta daki gaban motar. An jawo kujerar gaba sosai.

Ya ce masu wankin mota ne. Da abin ya sake faruwa ya ce makanike ne. Daga baya ma ya daina cewa komai, sai dai ya ƙara muryar rediyo. Kuma ya tsiro da fesa turaren mota, fesawa irin ta mai ɓoye wani wari.

Aikina ya koya mini rashin yarda da abin da aka faɗa sai na duba da idona. Akwai wata gajeriyar mace da ke zama a wurina, wannan ban yi shakka ba. Ga shi ranar Asabar iyayensa za su zo wajen Baba a tsayar da magana, ni kuwa ban shirya shiga gidan mutumin da kujera ma sai ya yi mini ƙarya a kanta ba.

Na gaya wa Sista, abokiyar aikina, muna cin abinci a bayan ɗakin gwaji. Ta ce in laluba wayarsa in ya shiga masallaci. Na ce ni ba ɓarauniya ba ce. Ta ce to in rufe ido, wace mace ce ta taɓa samun namiji ita kaɗai har da kujerar motarsa? Wannan maganar ta fi kujerar ƙona mini rai. Da zarar mace ta haura talatin sai kowa ya koma yi mata wa'azin haƙuri, kamar shekarun sun cinye mata ikon yin tambaya.

A gida ma haka. Gwaggo, yayar Baba da ke zaune tare da mu tun rasuwar mijinta, tana miƙe da ƙafarta mai ciwo a falo na kawo zancen. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"'Yar nan, miji kike nema ko aikin 'yan sanda? Sa'o'inki na goye da na uku, ke kina nan kina awon kujera."

Mama tana ninke kaya, ba ta ɗago kai ba.

Wani abu kuma ya ƙara mini zargi. Injiniya ya fara sanin abubuwan da ban gaya masa ba. Ya san an zaɓe ni zuwa ƙarin karatu, alhali ina jira ne in ba shi labari da kaina. Ranar da na ce bayana na ciwo saboda tsayuwa, sai ya yi murmushi ya ce ai na kusa hutawa. Na tambaye shi wane hutu, ya ce wasa yake yi. Har Sista na fara yi wa kallon tsayi, na ga ita ma ba ta kai kafaɗata ba.

Ranar Alhamis injin gwajinmu ya lalace, aka sallame mu da rana tsaka. Na sauka a bakin layinmu, sai ga motarsa a ƙarƙashin bishiyar da ke gaban shagon mai gyaran waya, nesa da ƙofarmu, inda ba ya tsayawa. Ta gilashin baya na hango kan mace a kujerar gaba, da ƙyar ya kai matashin kujerar. Na je kai tsaye na buɗe ƙofar.

Warin man zafi ne ya fara tarbata, sannan Gwaggo, sandarta tsakanin ƙafafu, ledar magani a cinya.

Injiniya ya yi ta in-ina. Wai yakan kai ta wajen likitan gwiwa ne, tun da ya ga tana shan wahalar hawa motar haya. Kunya ta rufe ni, har na buɗe baki zan ba shi haƙuri. Sai na tuna makanike da masu wankin mota. Wanda ya kai tsohuwa asibiti me zai sa ya yi ƙarya?

"To me ya sa kuke tsayawa a nan, ba a ƙofar gida ba?"

Ya dubi Gwaggo. Ita kuwa ba ta iya ɓoye nasara ba. Ta ce tunda na kama su sai in ji, dama alheri ne. A hanyar asibiti suka gama komai. Ya gaya mata ba ya son matarsa tana wuni cikin jinin mutane, ita kuma ta ɗaukar masa alkawari zan ajiye aikin bayan biki, karatun ma a bar shi. Ta ce masa kada ya tayar da zancen da ni yanzu, ina da taurin kai, amma in an ɗaura aure zan sauko.

Na leƙa na dube shi. "Haka ne?"

"Doguwa, ki fahimce ni. Na ga ba sai mun yi ta jayayya ba, tunda manya sun..."

"Ni ka ce kana so ko Gwaggo?"

Gwaggo ta yi salati ta ce in ji tsoron Allah. Shi kuma ya miƙa hannu ƙarƙashin kujerar, wai in bari ya mayar da kujerar baya in zauna mu yi magana.

"Bar ta yadda take," na ce. "Wadda kuka yi shawara da ita ce mai wurin. Ka gaya wa iyayenka kada su wahalar da kansu ranar Asabar."

Na rufe ƙofar a hankali don kada in bugi gwiwarta, na taka zuwa gida.

Mama tana kicin. Na tsaya a bakin ƙofa na gaya mata babu zancen Asabar, kuma karatu zan tafi. Na jira ta tambaye ni dalili. Ba ta tambaya ba. Ta ci gaba da goge tukunyar da ta riga ta bushe, sannan ta yi ɗage tana miƙa hannu don ta ɗora ta a saman kantar tukwane, hannun bai kai ba. Na karɓa na ɗora mata. A lokacin ne na lura Mama ma ba ta fi Gwaggo tsayi ba.