Suna Na Takwas

Tun safe nake goge farar rigar da na riga na goge jiya. Na kasa zaune na kasa tsaye. Yau ce ranar tunawa da matan da suka kafa ƙungiyarmu, kuma ni Verdell, mai riƙe da littafin tarihi, ni zan kira sunayensu.

Tarihin nan ko daga barci aka tashe ni zan karanto shi. Mata bakwai ne masu digiri, a zamanin da aka hana baƙar fata shiga laburaren garinmu a jihar Alabama ta Amurka. Suka tara littattafai suna kai wa yaran gonakin auduga duk Asabar. Daga nan aka zo kan tallafin karatu da yi wa mutane rajistar zaɓe. Duk mai son shiga cikinmu sai ta haddace sunayen bakwai a jere.

Ranar Laraba na je gidan tsofaffi gai da Mama Ozella, wadda ita kaɗai ta rage a cikinsu.

"Bakwai? In ji uban wa?" ta ce. "Ke 'yar nan, wa ya iya tuƙi a cikinmu? Lutie Bell ce, mai wankau, take kai littattafan da motar mijinta. Ita 'yan sanda suka tare a hanya, ita ta kwana uku a kulle, mu muna gida da fararen safar hannunmu."

"To me ya hana a rubuta ta, Mama?"

"Ba ta da digiri. Mu muka yi dokar da hannunmu. Shekara saba'in abin yana cina. Ki kira min sunanta ranar taron kafin in mutu."

Na kai wa shugabarmu Claudette maganar. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"'Yar'uwa, tsufa ne. Ni ma rannan da sunan uwata ta kira ni. Kika ƙara ko harafi ɗaya, to ki ajiye bajonki na ƙungiya."

Shekara ashirin da biyu bajon nan yana ƙirjina, kuma ina sonsa, ba zan ɓoye ba. Na ji haushin tsohuwar ma, da ta rasa wadda za ta ɗora wa kayanta sai ni. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Yau zauren coci ya cika da mata wajen ɗari biyu, duk cikin farare. An turo Mama Ozella a keken marasa lafiya har gaba. Ina kiran suna, ana kunna kyandir, suna amsawa baki ɗaya: "Tana tare da mu." Na kira na bakwai, aka amsa. Ban rufe littafin ba.

"Lutie Bell Crenshaw."

Wuri ya yi tsit. Mai kunna kyandir ta tsaya da ashana a hannu, babu na takwas a kan teburin.

"Ku kurame ne?" in ji Mama Ozella. "Ku ba ta nawa. Ni da raina me zan yi da kyandir?"

Daga can baya wasu suka amsa, ba su fi goma ba, muryoyinsu ma ba su haɗu ba. Tsohuwar ta rufe ido tana gyaɗa kai.

Claudette ta matso ta buɗe min tafin hannunta. Na cire bajon na sa mata. Sai a lokacin na ji wata irin yunwa, don tun safe ban iya cin komai ba.