Hoton Fasfon Kumatu

Ma'aikaciyar ofishin jakadanci ta turo hoton ta ƙasan gilashi da ɗan yatsa ɗaya.

"Hajiya, wannan hannun na wa ne?"

Uwar jaririyar ta duba. Ga 'yarta mai wata biyu, wadda suke kira Kumatu, ga kuma yatsun babanta huɗu sun tallafo mata ƙeya.

"Na babanta ne. Ai wuyanta bai tsaya ba tukuna."

"Fasfo na mutum ɗaya ne. Ba hannun kowa, bayan hoton fari, ido a buɗe. Sha biyu muke rufe taga. In kika wuce yau, sai bayan wata huɗu."

Wata huɗu! Inna, mahaifiyarta, tana can ƙasarsu kwance, ciwo ya yi tsanani, kullum a waya maganarta ɗaya: a kawo mata jikarta ta gani.

A bakin ƙofa mijinta ya ce, "Mu haƙura mu sake neman rana."

"Baban Kumatu, riƙe jakar nan. Akwai mai hoto a tsallaken titi."

Mai hoton, wani dattijo mai tabarau, ya shimfiɗa farin ƙyalle a tebur aka kwantar da jaririyar. Bayanta na taɓa shimfiɗar ta yi barci. Uban ya tafa, ya kaɗa makullai, ya yi kukan kyanwa. A banza.

"Gadon gida ne," in ji uwar. "Kai ma haka kake."

Agogon bango ya nuna sha ɗaya da rabi. Uwar ta san 'yarta: ba ta buɗe ido sai a zaune, a jikinta. Ta kalli ƙyallen.

"Baba, akwai wanda ya fi wannan girma?"

Ta zauna a kujera, aka lulluɓe ta tun daga kai har gwiwa, aka ɗora mata Kumatu a cinya. Ta ƙarƙashin ƙyallen ta riƙe ƙugun yarinyar da hannu ɗaya, ɗayan ya tallafi ƙeya.

"Yau na auri labule," in ji mijin.

"Yi mini shiru."

Kumatu ta farka, ba ta ga uwa ba, ta taɓe baki za ta tsala ihu. Daga cikin zufa da duhun ƙyallen uwar ta soma 'yar waƙar da take mata lokacin wanka. Yarinyar ta yi tsit, ta zaro ido tana neman muryar. Fitilar kyamara ta walƙa.

Saura minti shida suka isa taga. Ma'aikaciyar ta ɗaga hoton, ta daɗe tana dubawa.

"Wa ya riƙe ta?"

"Kin ga mutum a ciki?"

Matar ta danne dariya, ta buga hatimi. "Sati uku, ki zo ki karɓa."

A matakala uwar ta tsaya ta ciro waya. "Inna, ki ci abinci, ki sha magani. Sati uku, muna tafe."