Zanen Kumatun Mama Rose

"Me ka saka mata?" na tambayi yayana Jonathan. Kwamfutar ta yi ƙararta ta tashi, ta nuna rubutun farko, sai allon ya yi baƙi ƙirin ya tsaya a haka.

"Ban taɓa komai ba," ya ce, yana kallon rufin shagon. "Sabon direban allo kawai na sa. Abokina ya kawo faifan daga Legas, ya ce kala za ta fi fitowa."

"Wa ya aike ka?"

"Phoebe, ni fa yayanki ne."

"Yau ba ni da yaya. Matsa."

Direba shi ne ɗan shirin da ke nuna wa kwamfuta yadda za ta zana abu a allo. Idan aka ba ta wanda bai dace da ita ba, sai ta makance. Na koyi wannan a makarantar kimiyya, inda mu biyu ne kawai mata a ajinmu, kuma na fi mazan maki. Da wannan kwamfutar nake buga wa ɗalibai takardu a ɗan shagona da ke ƙofar gidanmu na haya a Bulumkutu. Amma ranar ba takardun kowa ne suka dame ni ba. Hoton matar Baba Dzarma ne.

Baba Dzarma maƙwabcinmu ne, tsohon akawun coci. Ya dawo gidanmu daga Gwange bayan ambaliyar casa'in da huɗu ta cinye masa ɗaki. Hoto ɗaya na marigayiya matarsa, Mama Rose, shi ne ya tsira, shi ma ruwa ya manne shi da gilashi. Na kai shi cikin gari aka ɗauke shi da na'ura, na zuba a kwamfutata. Da muka yi ƙoƙarin raba takardar da gilashin sai ta ruguje a hannunmu. Babu wani kwafi a duniya sai wanda ke cikin akwatin kwamfutar nan. Na daɗe ina goge tabon ruwan kaɗan-kaɗan, na yi masa alkawari zai gan ta kamar yadda take. Yanzu ga shi an sallamo shi daga asibiti ba don ya warke ba.

'Yarsa Edith ta leƙo shagon, idanunta jajur.

"Phoebe, yana ta tambaya. Matan zumunta na coci sun iso."

Kowa ya san abin da zuwan matan zumunta da rana tsaka yake nufi.

"Ki ce masa ina zuwa."

Kafin in juya mutane sun taru a ƙofa. Ya Bintu, matar mai gidanmu, ta riƙe haɓa tana cewa, "Wushe, sannu 'yata. Ba za ki bari a kai wa masu gyara ba? Wannan ai aikin maza ne."

"Namiji ne ya ɓata ta, Ya Bintu."

Jonathan ya ce, "Akwai wani a kusa da gidan waya, nan take zai wanke ta, ya share komai ya sa sabo." Har ya kai hannu zai cire waya.

Na buge hannun. "Ya wanke ta? Ya wanke Mama Rose ke nan! Wallahi ka sake taɓa ta sai na fasa maka allon nan a kai."

Ya ja da baya. Na kashe, na kunna, ina danna maɓallin da ke sa ta tashi a sef mod, wato ta tashi tsirara ba tare da direban ba. Na makara, baƙin ya dawo. Na sake. Gumi na bin bayana, ina jin waƙar matan ta fara tashi daga cikin gida da harshen Bura, a hankali. Wani a ƙofa ya ce wai zafi ne ya yi mata yawa, a sa mata fanka. Wani ya ce a hura bayanta. Ban ɗaga kai ba. A karo na gaba ta karɓa. Allon ya fito da manyan haruffa, kala a dusashe. Na cire abin da Jonathan ya sa, na bar ta da ɗan direban da kowace kwamfuta ke zuwa da shi, mai kala goma sha shida. Hoton yana nan.

"Ɗauki allon," na ce wa Jonathan. "Idan ka yar da shi kada ka dawo gidan nan."

Muka ratsa tsakar gida, ni da akwati, shi da allo, Edith na jan doguwar waya daga shago. Matan suka matsa mana. Baba yana kwance a katifa, ya rame har agogonsa ya zame zuwa gwiwar hannu. Na ɗora allon a kan kujera daidai fuskarsa, na kunna.

Ya daɗe yana kallo. Fuskar ta fito dabbare-dabbare, kamar an shafa ta da toka.

"Wace ce wannan?" ya ce.

"Mama ce, Baba," in ji Edith.

"A'a. Ina zanenta? Rose tana da zane a kumatu, siriri. Da shi na gane ta a kasuwar Biu." Ya juyar da kai bango. "'Yata, kin yi ƙoƙari. Bar shi."

Wannan "bar shi" ya fi duk maganganun ƙofar shago ƙona ni. Zanen yana cikin hoton, ni na san yana nan, na kewaye shi da hannuna lokacin da nake goge tabo. Kalar ce ba ta isa ta nuna shi ba. Dole sai an dawo da tsohon direban.

"Ina ƙaramin faifan direban da ke cikin durowata?" na tambayi Jonathan.

Ya sunkuyar da kai. "Na kwafi wasan ƙwallo a kansa."

Ban zage shi ba, don a gaban mara lafiya muke. Tun ranar da na sayi kwamfutar na ajiye kwafin direban a cikinta, saboda na san gidan da nake. Na durƙusa a kan sumunti na nemo shi, na sa, na kashe, na sake kunnawa.

"Baba, kada ka yi barci. Ban gama ba."

"Ke dai da taurin kai," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Tun kina sakandare."

Allon ya yi baƙi. Ya daɗe a baƙin har matan suka yi shiru. Sannan ya buɗe. Mama Rose ta fito da ɗankwalinta mai fure, tana ɗan harara kamar mai hoton ya ɓata mata lokaci, ga siraran layuka a kumatunta.

Edith ta tallafo kansa. Ya miƙa hannu, ta riƙe masa gwiwar, ya bi layukan da yatsa a kan gilashin, ɗaya bayan ɗaya, daga sama zuwa ƙasa.

"Yauwa," ya ce. "Ga ta nan."

Ya cika kafin la'asar, allon na kunne.

Washegari Jonathan ya mayar da kayan shago ba tare da na ce masa komai ba. Ya ɗauko tsumma zai share allon, na karɓe. Man kaɗanyar da Edith ke shafa wa Baba a hannu ya bar sawun yatsa a gilashin. Na zauna na fara buga takardar jana'izarsa, haruffan suna wucewa ta ƙarƙashin sawun.