Karen da Ya Bi Bas

Usman ya riƙe hannun mahaifiyarsa a bakin matakalar lantarki, ita kuwa ta toge tana kallon yadda matakan ke shigewa ƙasa.

"Inna, ɗora ƙafa kawai, ita za ta kai ki."

"Ina za ta kai ni?" in ji Hajiya Mastura. Dole suka zagaya suka hau lif.

Wata biyar ke nan da saukarta a tashar jiragen ruwa ta Jidda, inda Usman yake aikin sito, cikin mutanen da yaƙi ya koro daga Sudan. Tun daga ranar tana ɗakin da ya ware mata a unguwar Sharafiyya, daga salla sai jan carbi, ba ta taɓa ambaton garinsu Omdurman ba. In maƙwabcinsu na can, Abdulghaffar, wanda ya ƙi barin unguwar, ya bugo waya, sai ta ce a ce masa tana barci. Likita ya auna ta bai ga komai ba, ya ce a dai riƙa fita da ita. Layan, 'yar Usman mai shekara tara, ita ta zaɓi wurin fitar: silima, fim ɗin wani kare.

Aka kashe fitilu. Wani ɗan farin kare mai buzu-buzu ya fito da gudu.

"Mene ne wannan?" in ji Hajiya.

"Kalb ne, Habboba," in ji Layan ga kakarta, don Hausarta ba ta tafiya sai da sandar Larabci. "Yani kare."

"Tsintsiya dai."

"Teriya ake ce wa irinsu, na karanta. Ƙanana ne, amma ba su da tsoro. Suna shiga rami su fito da ɓera."

"To su kyanwoyin garin me suke yi?"

Wani mutum a gabansu ya waiwayo. Usman ya ba shi haƙuri da hannu, amma a ransa daɗi yake ji. Rabon da ya ji ta jera magana haka tun tana gida.

Karen ya hau gado, ya lashi fuskar yaron gidan. Hajiya ta yi a'uziyya, ta tambaya ko mutanen ba su da tsakar gida ne. Da aka zuba masa abinci a kwano mai sunansa, ta ce ko marigayi mijinta Malam bai samu wannan gata ba.

Sai ambaliya ta zo garin. Mutanen gidan suka kwashi abin da suka iya, suka faɗa mota, suka manta da karen. Ya biyo su da gudu a kan titi, motar tana ƙara nisa.

Hajiya ba ta sake magana ba. Karen ya ratsa daji, ya gano su, ya tono yaron daga ƙarƙashin ginin da ya rufta, jama'a suka yi ta tafi. Ita hannunta na damƙe da gefen kujera har aka kunna fitilu. Usman ya tabbata ya yi ɓarna.

A mota kan hanyar gida suka tsaya a cunkoson unguwar Bagdadiyya ana kiran la'asar.

"Mu ma muna da kare," in ji ta.

"Ya sunansa?" Layan ta leƙo daga baya.

"Kare. Babanki bai san shi ba, bayan tahowarsa Malam ya kawo shi don gadi. Shekara shida ban taɓa shi da hannuna ba, sai dai in tura masa ƙanzo da ƙafa. Ranar da za mu fito na yanke igiyarsa na ce ya tafi. Ya ƙi. Ya bi bas ɗinmu har bakin gada, ina kallonsa ta taga, ana harbi." Ta gyara mayafinta. "Shi ba a yi masa tafi ba."

Usman ya rage sanyin mota.

"Kira min Abdulghaffar," in ji ta.

Ya gangara gefen titi ya kira. Sai a karo na uku ta shiga. Ya saka ta a sifika, aka gaisa, aka tambayi masu rai, aka yi wa matattu addu'a. Abdulghaffar ya fara kewaye-kewaye kan maganar gida.

"Ba gidan nake tambaya ba. Karen Malam fa?"

"Kare? Ai yana nan, Hajiya. Kwana biyu da tafiyarku ya dawo. Masu bindigar da suka zauna a gidan su suke ba shi nama, ya yi ƙiba wallahi. Jiya ma da na wuce ta ƙofar, ni ya yi wa haushi."

Layan ta dubi babanta, ba ta gane ko labari mai daɗi ba ne. Hajiya ta daɗe tana kallon motocin da ke wucewa.

"To, gadi aka kawo shi yi," in ji ta. Ta karɓi wayar daga hannun Usman ta kara a kunne, ko da yake a sifika take. "Yanzu gaya min gidan. Ka fara daga ɗakin Malam, kada ka tsallake komai."