Injin Da Ya Daina Rawa

Abdul-Kudus ya fito sallar asuba da idanun da ba su ga barci ba. Tambaya ɗaya ta kwana tana cin ransa: shin gyara ya yi wa injin niƙan kawunsa, ko kuwa ƙarfinsa ya kashe, kamar yadda ake ta faɗa a unguwarsu ta Akwatialine?

Tun da kawun nasa, Alhaji Garuba, ya sayar da tsohon injin dizal ya kawo babban injin lantarki, ginin ke rawa. Doguwar sandar ƙarfen da ke haɗa injin da faifan niƙa takan murɗe ta warware, inji na ja, faifai na turjewa, har ta taɓa karyewa, guntunta ya wuce ta gefen ƙafar wata mata ya fasa bulo. Abin da Abdul-Kudus ya karanta a jami'a ke nan. Sai ya tsara wa akwatin da ke sarrafa gudun injin sabuwar ƙa'ida: da zarar ya ji girgiza ta taso, ya rage wuta ko ya ƙara daidai lokacin da zai kashe ta, kamar mai ɗauke da ruwa a ka da ke sauya taku don kada ya zube. Injin ya natsu. Layin mata kuma ya watse.

Da hantsi ya zuba masara, ya murza garin tsakanin yatsunsa. Laushi kamar kwalli, kuma cikin sauri fiye da da. Shakkarsa ta gushe, wani ɗaci ya maye gurbinta.

Hajiya Safiatu mai koko ta leƙo da baho a kanta.

"Injiniya, an ce ka dandaƙe mana nikanika! Da can tun daga bakin titi haƙorana ke kaɗawa. Yanzu sai ka ce kyanwa na minshari."

"Hajiya, ki taɓa garin nan ki ji."

"Ni da kunne nake sanin inji, ɗana." Ta tsallake kwata, ta nufi wani nikanika, tsohon injin niƙa mai hayaƙi da ƙara kamar ana yaƙi.

Alhaji Garuba, wanda ke auna malami da girman lasifikarsa, namiji kuma da kaurin muryarsa, ya taso daga benci yana gyara hula.

"Ka ji da kunnenka ko? Kafin azahar ka cire mini bokon nan naka daga cikin akwatin."

"Kawu, sandar za ta sake karyewa. Nan mata ke tsayawa."

"Wancan karon wa ta kashe? Kowa da kwanansa! Injin da ba ya ruri, wa zai yarda aiki yake? Ko liman ne, in bai ɗaga murya ba, sahu watsewa yake."

Abdul-Kudus ya dubi kawun nasa, ya dubi wurin da matan kan jera ƙafafunsu cikin silifas. Mutanen da suka ɗauki ciwon ƙarfe a matsayin lafiyarsa, me lissafi zai gaya musu?

"To, Kawu."

Da Alhaji ya tafi alwala, Abdul-Kudus ya zagaya bayan injin. Ya tsinci gwangwanin madara, ya zuba masa tsofaffin notuna, ya ɗaure shi da waya a jikin wani yankin kwano, ya lanƙwasa bakin kwanon yadda mahaɗin sandar zai riƙa dukansa a kowane zagaye. Akwatin kuwa ko murfinsa bai taɓa ba. Ya kunna.

Ƙara ta cika unguwa.

"Yawwa!" in ji Alhaji daga bakin ƙofa, ruwa na ɗiga daga gemunsa. "Yanzu na ji ƙarfi!"

Abdul-Kudus ya ɗora tafinsa a kan injin. Lafiya lau yake juyawa, ba ko gezau. Ya goge hannu a tsumma, ya matsa gefe ya ba mace ta farko wuri.